"Sorry": tambayoyi da amsoshi kan kalmar Turancin da kowa ke ganin ya gama saninta

Da wuya a wuni a kasuwa ko a tasha ba a ji wani ya ce "sori" ba. Kalmar ta shige mana baki har wanda bai taɓa zama a aji ba ya san ta, shi ya sa duk ranar da na tsaya a kanta a darasi sai ɗalibai su riƙa kallona kamar na rasa abin koyarwa. Amma da an fara tambaya sai a ga ashe kowa da inda ta taɓa kayar da shi. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, wasu daga ɗalibai, wasu daga 'yan'uwa da suka je karatu ko aiki ƙasashen Turawa suka dawo da labari.

Malam, ba "yi haƙuri" kawai take nufi ba?

Tana nufin haka, amma wannan ɗaya ne daga cikin ayyukanta. Abin da Bahaushe ya rarraba wa kalmomi biyar ko shida, Bature ya ɗora wa "sorry" ita kaɗai. In ka yi laifi, mu mukan ce "yi haƙuri" ko "na tuba" ko "a gafarce ni". In an yi rasuwa mu ce "ya haƙuri". In ba mu ji magana ba mu ce "na'am?" In za mu ratsa mutane mu ce "gafara dai". In mun ji labarin tausayi mu ce "ayya". A duk waɗannan wurare mutumin Ingila zai iya cewa "sorry" ya wuce abinsa.

Akwai kuma wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. "Yi haƙuri" roƙo ne, kana neman wancan mutumin ya danne zuciyarsa, wato aikin na wuyansa. Ita kuwa "I am sorry" labarin zuciyar mai magana ce: raina ya ɓaci, ban ji daɗin abin da ya faru ba. Bahaushe yana duban wanda aka ɓata wa, Bature yana bayyana halin da shi kansa yake ciki. Duk rikicin da za mu gani a ƙasa daga nan ya taso, domin mutum yana iya jin ba daɗi kan abin da ya aikata, yana kuma iya jin ba daɗi kan abin da ba shi da hannu a ciki, kalmar kuwa ba ta faɗin wanne ne.

Daga ina ta samo asali?

Daga tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi sama da shekara 1,000 da suka wuce. A lokacin "sarig" ake cewa, daga "sar", wato ciwo. Wannan "sar" ɗin ita ce ta zama "sore" ta yau, kamar a "sore throat", ciwon maƙogwaro. Ke nan asalin ma'anarta shi ne wanda ke jin ciwo a rai. Mutane da yawa sun ɗauka 'yar "sorrow" ce, baƙin ciki, saboda kamar da suka yi. Tushensu daban ne, zama tare ne ya sa suka yi kama.

Wani Bature ya yi tuntuɓe a gabana, na ce masa "sorry", sai ya ce "it's not your fault". Me na yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma kusan duk ɗan Najeriyar da ya taka Ingila ko Amurka ya sha wannan amsa. Kai "sannu" ka yi masa. Shi kuma ya ji kamar kana ba shi haƙuri ne, sai ya yi mamaki: kai ka ajiye dutsen? Shi ya sa ya wanke ka da cewa ba laifinka ba ne.

Gaskiyar magana, Turancin Ingila ba shi da kalma guda da ta yi daidai da "sannu". Mu muna da ita, Yarbawa suna da "pele", Ibo suna da "ndo", masu Swahili a gabashin Afirka suna da "pole". Da Turanci ya zo mana, sai muka duba cikinsa muka rasa inda za mu zuba wannan ɗabi'a, muka kama "sorry" muka ɗora mata. Mutum ya yi atishawa, sori. Biro ya faɗi daga hannunsa, sori. Ya ƙware da ruwa, sori, sori. Har mukan ƙara mata wutsiya mu ce "sorry o".

A wajensu, in mutum ya yi tuntuɓe ko ya bige, tambayarsa ake yi: "Are you all right?" ko "Are you OK?" In abu ya faɗi daga hannunsa sai a ce "oops" ko a taya shi ɗauka kawai. In ya yi atishawa, "bless you". In kuma babban abu ne, kamar rashin lafiya ko asara, a nan suna amfani da kalmar, sai dai ba sa barinta tsirara. Sukan yi mata cikakkiyar jimla: "I'm sorry to hear that", wato ban ji daɗin jin wannan labari ba. Da ka faɗi haka babu mai ce maka ba laifinka ba ne.

To ke nan namu Turancin kuskure ne?

A'a, kuma ina gaba da malaman da ke dukan yara a kan wannan. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, miliyoyin mutane ke magana da shi, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya ga tsohuwa ta zame a bakin rijiya a Zariya ya tsaya yana "are you OK?" ba tare da sannu ko sori ba, shi ne baƙo a wurin. Haka muka yi wa "well done": mun mayar da ita "sannu da aiki", alhali a Ingila yabo ce ga wanda ya gama abu da kyau. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su san da wa suke magana. A gida ka yi ta gida. A jarrabawar WAEC ko IELTS (ta gwada Turancin masu neman karatu ko aiki a waje), ko a wasiƙar da za ta tsallaka teku, ka yi wadda mai karantawa zai gane.

Yaushe ake cewa "sorry for", yaushe "sorry about", yaushe "sorry to"?

"Sorry for" ta fi tafiya da abin da kai ka aikata, kuma in aikatau ya biyo baya sai ya ɗauki "-ing": "Sorry for shouting at you", yi haƙuri da tsawar da na yi maka. "Sorry about" ta fi faɗi, tana ɗaukar laifinka tana kuma ɗaukar abin da ya faru kawai: "Sorry about the noise", ko "Sorry about your car" ga wanda aka sace wa mota, ba tare da an ce kai ne ɓarawon ba. A wurare da yawa su biyun suna musanya, "sorry for the delay" da "sorry about the delay" duk daidai ne.

"Sorry to" kuwa ta abin da kake yi ne yanzu ko kake shirin yi. Za ka ƙwanƙwasa ofishin wani, "sorry to disturb you". Ka riga ka dame shi jiya, yau ka haɗu da shi, "sorry for disturbing you". Haka nan ita ake sa wa ji da gani: "sorry to hear", "sorry to see you go".

Sai dai a kula da "sorry for" idan mutum ne ya biyo bayanta. "I feel sorry for him" na nufin ina jin tausayinsa. Faɗin haka a bayan idon mutum ba komai. Amma ka dubi tsabar idonsa ka ce "I feel sorry for you", sau da yawa raini ne, kamar ka ce "kai dai abin tausayi ne". Wani ɗalibina ya taɓa rubuta wa abokin karatunsa ɗan ƙasar waje haka da niyyar jaje, wancan ya yi kwana biyu bai amsa ba.

Ina ganin mutane suna rubuta "Am sorry". Daidai ne?

Ba daidai ba ne, ko da yake ya cika WhatsApp da Facebook. Turanci ba ya yarda a yar da wakilin suna a nan. Ko ka ce "I am sorry", ko "I'm sorry", ko "sorry" ita kaɗai. Ina zaton kunne ne ya jawo: "I'm" da "am" sun yi kama a bakinmu, sai hannu ya bi kunne.

Sannan a tuna sifa ce, ba aikatau ba. Ba a cewa "I sorried" ko "he sorry me". Aikatau shi ne "apologise", Amurkawa su rubuta "apologize", sunan kuma "apology". Ana cewa "apologise to her for the mistake", ko a sauƙaƙe a ce "say sorry to her".

Mene ne bambancinta da "excuse me" da "pardon"?

Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce "excuse me" kafin abu, "sorry" bayansa. Za ka ratsa layi ko za ka tsayar da wani ka tambaye shi hanya, "excuse me", kamar dai "gafara dai" ko sallama. Ka riga ka take masa ƙafa, "sorry". Ƙa'idar tana aiki, amma mutanen Ingila kansu suna karya ta kullum, za ka ji mutum yana kutsawa cikin jirgin ƙasa yana "sorry, sorry". Amurkawa sun fi riƙe "excuse me", har bayan sun bangaji mutum.

In ba ka ji abin da aka faɗa ba, ka ce "Sorry?" da muryar tambaya, a ɗaga ƙarshenta. Ita ce "na'am?" ɗinmu. "Pardon?" ma ta yi, sai dai ta ɗan tsufa a wasu wurare. Abin gudu shi ne "What?" ga wanda ya girme ka, domin kamar yaro ne uba ya kira shi ya amsa da "me?" 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi makarantar Faransanci su lura: "pardon" ta Faransanci ta fi ta Turanci yawan aiki, inda za su ce "pardon" a Maraɗi ko Damagaram, galibi "sorry" ce za ta zauna a Turanci.

In aka ce mini "sorry", me zan amsa?

In haƙuri aka ba ka: "that's all right", "it's OK", "no problem", "don't worry about it". Duk "ba komai" ne. In jaje aka yi maka, "thank you". Kada ka ce "you're welcome", wannan amsar godiya ce.

Gaskiya ne mutanen Ingila suna cewa "sorry" ko da su aka taka?

Gaskiya ne, su da kansu suna yi wa kansu dariya a kan haka, mutanen Kanada ma an san su da wannan. Ka bangaji mutum a kanti, kafin ka buɗe baki ya riga ka. Kada ka ɗauka ya amsa laifi ne. Hanya ce ta cewa ba na neman rigima, mu wuce.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai zama da su shi ne "sorry" ɗin da ke share wa magana mai ɗaci hanya. "Sorry, we're closed", mun tashi. "I'm sorry, but I don't agree", ban yarda ba. "Sorry, this seat is taken", da mai kujerar. Babu nadama ko ɗaya a ciki, ƙi ne aka lulluɓe da ladabi. Mu ma muna da irinsa: almajiri ya yi bara a ƙofa, a ce masa "yi haƙuri", ya san babu ke nan. In ma'aikacin ofishin biza ko na banki ya fara da "I'm sorry, but", to amsar a'a ce, kada taushin muryar ya sa ka zaci akwai sauran ciniki. Wani lokaci ma faɗa ne: in aka ja ta da ƙarfi, "I'm sorry?", ana nufin maimaita in ka isa.

Yaya zan yi wa wanda ba Bahaushe ba ta'aziyya da Turanci?

"I'm so sorry for your loss." Ita ce aka fi ji, kuma ta wadatar. A rubuce ana ƙarawa da "please accept my condolences". In ka san mamacin, "I was so sorry to hear about your father". Kada ka juya tamu kai tsaye ka ce "have patience" ko "how is the patience", ba za a gane ba, wani ma ya ji kamar kana hana shi kuka. "Take heart" da muke yawan faɗa a Najeriya Turanci ce, amma a can ƙarfafa gwiwa take nufi, ba a saba jinta a gidan makoki ba.

Na karanta "a sorry state" da "you'll be sorry". Su ma ban haƙuri ne?

Ko kusa. In "sorry" ta zo gaban suna, tana nufin abin takaici, abin da ya lalace. "The road is in a sorry state", hanyar ta zama abin tausayi. "A sorry excuse", uzurin banza. Jaridun Najeriya suna son wannan salo in suna maganar asibitoci da makarantu.

"You'll be sorry" barazana ce: za ka yi da-na-sani, za ka yaba wa aya zaƙinta. "Better safe than sorry" karin magana ce da ta yi kusa da "rigakafi ya fi magani". "Stop feeling sorry for yourself" kuma ana faɗa wa wanda ya zauna yana ta kukan halin da yake ciki, wato ya tashi ya nemi mafita.

In na ce "sorry" bayan haɗarin mota, na amsa laifi ke nan a gaban shari'a?

Ya danganta da ƙasa, kuma wannan fargaba ce ta sa wasu wurare suka yi doka a kai. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi tata tun 1986, don kalaman jaje bayan haɗari kada su zama hujja a kotu. A Ingila da Wales, dokar biyan diyya ta 2006 ta ce ban haƙuri shi kaɗai ba amsa sakaci ba ne. Lardin British Columbia na Kanada ya yi dokar ban haƙuri a 2006, Ontario ta bi a 2009. Likitoci na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin da yawansu sun kasance suna tsoron ce wa iyalan majiyyaci "sorry" kada lauya ya riƙe kalmar. Ka ga har majalisa sai da ta zauna don raba "sannu" da "na tuba", abin da Hausa ta raba tun fil azal. Duk da haka, in kana tuƙi a ƙasar waje, kamfanonin inshora kan gargaɗi direbobi kada su amsa laifi a wurin haɗari. Ka tambayi lafiyar mutum, ka bar maganar wa ya jawo.

Shin wannan harshen damo na kalmar ya taɓa shafar manyan al'amura?

Ƙwarai. Ranar 1 ga Afrilun 2001 wani jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin kusa da tsibirin Hainan. Matuƙin Sin, Wang Wei, ya mutu, jirgin Amurka ya sauka a tsibirin ba da izini ba, aka tsare mutum 24 da ke cikinsa. Sin ta ce sai an ba ta haƙuri, gwamnatin George W. Bush ta ce ba ta yi laifi ba. Da aka rasa mafita sai jakadan Amurka ya miƙa wasiƙa mai ɗauke da "very sorry" sau biyu, ɗaya kan rasuwar matuƙin, ɗaya kan shiga da saukar da aka yi ba izini. Sin ta gaya wa mutanenta an ba da haƙuri, Amurka ta gaya wa nata jaje kawai ta yi. Aka saki mutanen bayan kwana 11. Kowa ya ɗauki ma'anar da ta yi masa.

A Ostareliya kuwa kalmar ta shekara goma tana raba kan ƙasa. Rahoton da aka fitar a 1997 ya bayyana yadda hukumomi suka yi shekaru suna ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga hannun iyayensu. Firaminista John Howard ya ƙi cewa "sorry" da sunan gwamnati, ya tsaya a kan "regret", wato takaici. Jama'a suka ware 26 ga Mayu ta zama "National Sorry Day" tun daga 1998. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 sabon Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa a Canberra ya furta ta. Wani abin sha'awa, a Turancin 'yan asalin ƙasar, zaman makoki "sorry business" ake ce masa.

Yaya zan gane ban haƙurin da ba na gaskiya ba?

Ka saurari kalmar da ta biyo baya. "I'm sorry I lied", ya amsa ya yi ƙarya. "I'm sorry if you were offended", bai amsa komai ba, cewa ya yi in ma ranka ya ɓaci, to. "I'm sorry you feel that way" ta fi muni, matsalar ta koma kan yadda kai ka ji. 'Yan siyasa da kamfanoni sun ƙware a wannan, tuban muzuru ne, kaza a baki. Matasa a intanet ma sun daina ɓoyewa, sukan rubuta "sorry, not sorry", wato na faɗa, a yi abin da za a yi.

In kai ne mai laifi kuma kana so a san da gaske kake, ka ambaci abin da ka yi, ka bar "if" da "but". A wasiƙar aiki "I apologise for" ta fi nauyi. "I'm terribly sorry" da "I'm so sorry" na baki ne.

Yaya ake furta ta?

Mutanen Ingila suna faɗinta kusa da yadda muke faɗa, "sori" da gajeren wasali. Amurkawa da yawa suna buɗe baki su ce kamar "sari". Mutanen Kanada suna jan "o" ɗin, har maƙwabtansu na tsokanarsu da shi. Kowacce ka ɗauka za a gane ka.

Malam, zan iya ce wa mahaifina ko surukata "sori"?

In da Hausa kuke magana, ban ba ka shawara ba. A cikin Hausa "sori" ta yi sauƙi da yawa, ta tsara ce da abokan wasa, ta wanda ka taka a layin cirar kuɗi. Na taɓa ganin yaro ya fasa gilashin motar kawunsa ya ce "sori, Kawu" yana tsaye hannu a aljihu, ran dattijon ya fi ɓaci da kalmar a kan gilashin. Da ya durƙusa ya ce "Kawu, na yi kuskure, a yi haƙuri", da tuni an wuce wurin. Ga mahaifi, "Baba, na tuba, a gafarce ni." Ga suruka, ka rusuna ka ce "Mama, a yi mini afuwa", kuma da "a" ɗin girmamawa, ba "ki" ba. In laifin babba ne, ka nemi wani dattijo ya raka ka.